Wa Ya Kori 'Yar Sandan Landan?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi gaggawar amsawa. An kori wata mata daga aiki a birnin Landan. Ta ce korar akwai wariya a cikinta, ta shigar da ƙara. Kotu ta farko ta yi watsi da ƙarar. Ta ɗaukaka, ta biyu ta bi sahun ta farko. Ta sake ɗaukakawa, ta uku ma haka. A cikin kotunan nan uku babu wadda ta ce matar ƙarya take yi, babu wadda ta ce gaskiya ta faɗa, babu ma wadda ta yarda ta zauna ta saurari shaida a kan wariyar. Alhali dokar da ta haramta wariya a wurin aiki tana nan a rubuce, kotun da aka kafa domin irin wannan ƙorafi kuma tana zama kullum. To, me ya tare mata ƙofa?

Bari mu jera abin da ke hannunmu. Matar 'yar sanda ce a rundunar birnin Landan, wadda duniya ta fi sani da sunan hedikwatarta, Scotland Yard. Kotu ta sakaya sunanta, harafin P kawai ake kiran ta da shi. A 2010 aka kai mata hari, ta kamu da larurar nan ta firgici da ke bin mutum bayan ya ga mummunan tashin hankali. A watan Satumba na 2011 ta shiga wata hatsaniya da ta kai ga kama ta. Aka gurfanar da ita gaban kwamitin ladabtarwa. Ta amsa laifin rashin ɗa'a, in ban da wani batu guda da ta musa, shi ma kwamitin ya ba ta gaskiya a kansa. Ta roƙi sassauci, ta kafa hujja da kyakkyawan tarihinta a aiki da kuma larurar da take fama da ita. A watan Nuwamba na 2012 kwamitin ya yanke hukunci: kora nan take, ba wa'adi. Sai ta nufi kotun ma'aikata, ta kai ƙarar Kwamishinan 'yan sandan Landan a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010. Daga nan abin mamakin ya soma.

Na san hasashen da zai fara zuwar maka, domin shi ne mafi kusa da hannu. Ai ta amsa laifinta! Wanda ya ce na yi, me kuma zai je nema a kotu? Hasashe ne mai kama hankali, amma dokar Birtaniya ba haka ta tsara ba. Sashe na 15 na Dokar Daidaito ya yi magana a kan ma'aikacin da aka cutar saboda wani abu da ya samo asali daga naƙasarsa, kuma naƙasar ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa idan ta yi tsanani ta kuma daɗe. A irin wannan hali, tabbatar laifin bai rufe magana ba. Wajibi ne mai aikin ya nuna cewa hukuncin da ya ɗauka bai wuce gona da iri ba. Mai yiwuwa rundunar ta iya nuna hakan, domin ɗan sanda amana ce a wuyansa, kuma akwai halin da ba za a lamunta ba ko da larura ce ta jawo shi. Sai dai kafin a ce ta faɗi, ai sai an saurare ta. Ita ko sauraron ba ta samu ba. Mu ajiye wannan.

To ko makara ta yi? Kotun ma'aikata a Birtaniya ba ta wasa da lokaci, wata uku ne wa'adin shigar da irin wannan ƙara a lokacin, kuma ƙararraki da yawa nan suke mutuwa. Amma ba da wannan aka kore ta ba. Agogo ba shi da hannu a ciki.

Hasashe na uku ya fi waɗannan nauyi, kuma shi ne wanda masu ɗan sanin doka za su rantse a kai. A Ingila ɗan sanda ba ma'aikaci ba ne irin na kamfani ko na ma'aikatar gwamnati. Ba kwantiragin aiki ke ɗaure da shi ba, riƙon muƙami yake yi da sunan Sarauta, ya yi rantsuwa a kan haka. Shi ya sa dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta cire 'yan sanda daga masu ikon kai ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, in ban da 'yan wurare kaɗan, kamar wanda aka kora don ya fallasa ɓarna. Ka ga kamar an gama ke nan: ba ma'aikaciya ba ce, kotun ma'aikata ba tata ba ce. Sai dai majalisar dokoki ta hango wannan ramin tun da wuri, ta cike shi. Sashe na 42 na Dokar Daidaito ya ce, idan ana maganar wariya, za a ɗauki ɗan sanda tamkar ma'aikacin shugaban rundunarsa game da duk abin da shugaban ya aikata masa. Ƙofa a buɗe take ke nan. Amma ka riƙe kalmomin nan da kyau: abin da shugaban ya aikata. Za mu dawo kansu.

Saura hasashen da zuciya ta fi so. 'Yan sanda ne suka rufa wa junansu asiri, suka danne ƙaramar jami'a. Ban ce irin haka ba ya faruwa a duniya ba. Amma waɗanda suka yi watsi da ƙarar P ba 'yan sanda ba ne, alƙalai ne: kotun ma'aikata a 2013, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata a 2014, sannan babbar Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016. Kuma ga abin da ya kamata ya tsayar da mu. Mai shari'a Laws, wanda ya rubuta hukuncin kotu ta uku, ya fito fili ya ce abin ya dame shi. Ya lura cewa idan hukuncinsa daidai ne, to ɗan sandan da irin wannan kwamiti ya kora saboda wariya ba shi da hanyar zuwa kotun ma'aikata, alhali majalisa ta yi doka musamman don ya iya zuwa. Ya ga haka. Ya faɗa. Kuma duk da haka ya yi watsi da ƙarar.

Alƙali ba ya yanke hukuncin da ke damun sa sai in wani abu ya ɗaure masa hannu. Mene ne?

Mu koma wurin da abin ya faru, mu yi tambayar da ya kamata mu fara da ita. Wa ya kori P? Za ka ce rundunar. A'a, mu bi a hankali. Kwamishina ne? Bernard Hogan-Howe ne ke kan kujerar a lokacin, kuma ba shi ya yanke hukuncin ba. Mutum uku ne suka zauna, bisa ƙa'idojin ɗa'ar 'yan sanda na 2008. Suka karanta tuhuma. Suka ji ɓangarorin biyu. Suka auna hujja. Suka yanke hukuncin da ya hau kanta dole. Ka sake duba jerin nan. Tuhuma, sauraro, hujja, hukunci. Aikin wa ya yi maka kama da shi?

Aikin alƙali.

Nan gawar take. Lauyoyin Kwamishina ba su tsaya musun wariya ba tukuna. Cewa suka yi kwamitin nan aikin shari'a yake yi, saboda haka yana sanye da rigar kariya irin ta alƙalai, ba a kai ƙarar abin da ya yi ko ya faɗa a zamansa. Kada ka haɗa wannan riga da ta sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya, wadda shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ke tuɓewa ranar da suka sauka. Ta alƙali aikin take rufewa, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Tsohuwa ce ƙwarai. Tun 1607, a shari'ar Floyd da Barker, aka tsayar cewa ba a tuhumar alƙali a wata kotu kan abin da ya yi a kujerar shari'a, domin in aka buɗe wannan hanya shari'a ba za ta taɓa ƙarewa ba. A 1974, a shari'ar Sirros da Moore, wani alƙali ya sa an tsare wani Baturke bisa kuskure, mutumin ya nemi diyya, Lord Denning ya ce babu, muddin alƙalin ya yi imani da gaske cewa cikin huruminsa yake aiki. Ƙa'idar ta biyo dokar Ingila har Najeriya, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 1985 a ƙarar da lauya Fred Egbe ya kai Babban Jojin Legas, Adefarasin.

Kuma ni ina ganin hikimarta, ba na so a ɗauka wauta ce. Duk shari'a tana haifar da wanda ya faɗi, wanda ya faɗi kuma da wuya ya yarda an yi masa adalci. In kowane mai fushi zai iya jan alƙali kotu ya nemi kuɗi daga aljihunsa, to alƙali zai fara duban wanda ya fi ƙarfin ɗaukar lauyoyi kafin ya duba gaskiya. Talaka ne zai fara shan wahalar wannan. Maganin kuskuren alƙali shi ne ɗaukaka ƙara, maganin lalacewarsa kuma tsigewa ko gurfanarwa bisa laifi.

Amma ta yaya rigar babban joji ta iso kafaɗar mutum uku da ke zaune a ɗakin ladabtarwa? Ta hanyar wata kora ta iso, abin da ya sa labarin ya ƙara daɗi. An sallami shugaban wata makaranta a Sikotland, Dokta Trapp, aka kafa binciken hukuma a kan sallamar, shugaban kwamitin ilimi na yankin, Mackie, ya ba da shaida. Trapp ya kai shi ƙara kan abin da ya faɗa. Alƙalan majalisar dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan zamani, suka ce ba sai wuri ya amsa sunan kotu kafin kariyar ta rufe shi ba. Lord Diplock ya ba da ma'auni: a duba ikon da aka kafa zaman da shi, irin tambayar da aka ɗora masa ya amsa, tsarin da yake bi, da kuma nauyin hukuncinsa a idon doka. Wurin da ya yi kama da kotu ta waɗannan fuskoki, ya samu rigar.

Sai 2004 ta zo da shari'ar da ta ɗaure hannun kowa, shari'ar Heath. Wata ma'aikaciyar farar hula mai suna Heath a wani ofishin 'yan sanda na Landan ta zargi wani sufeto da cin zarafinta. Aka kira ta shaida gaban kwamitin ladabtarwa. Ta ce manyan jami'ai uku ta tarar, dukansu maza.  Ta ce lauyan sufeton ya nemi ta buɗe rigarta ta sama don ta nuna yadda abin ya faru, kwamitin kuma bai tsawatar ba. Ta kai ƙarar wariyar jinsi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗora ma'aunin Diplock a kan kwamitin, ta ce ya cika, yana da cikakkiyar kariya. Ba a kai ga tambayar ko an wulaƙanta ta ba. A tsarin shari'ar Ingila kuwa, hukuncin wannan kotu yana ɗaure ƙananan kotuna, yana ɗaure ta ita kanta. Wannan ce igiyar da ke hannun mai shari'a Laws.

An warware ke nan? Tukuna. In kana biye da ni da idon basira, akwai abin da bai zauna ba. P ba mutum ukun nan ta kai ƙara ba. Kwamishina ta kai. Shi kuwa ba alƙali ba ne, bai zauna a kwamitin ba. To rigar wasu ta yaya za ta rufe shi?

Tuna kalmomin da na ce ka riƙe. Sashe na 42 ya ɗora wa shugaban runduna alhakin abin da shi ya aikata. Wani sashe kuma ya ɗora masa na ma'aikatansa da wakilansa. Kwamitin fa? Ikonsa daga ƙa'idojin doka ya fito kai tsaye. Da zarar ya zauna, ba umarnin Kwamishina yake bi ba, ba da yawunsa yake magana ba. Kamar mutum ne aka rushe masa katanga, ya je wurin wanda ya tara maginan, ya ce masa ai ba hannuna ba ne ya taɓa ta. Ya juya wurin maginan, suka ce mu ba a ƙararmu. Katanga a ƙasa, mai rushewa babu. Wanda ake iya kai wa ƙara bai yi korar ba. Waɗanda suka yi korar ba a iya kai su ƙara. Ka lura da inda abin ya fi ciwo: da ƙaramar wariya ce aka yi mata, a ce an hana ta ƙarin girma ko an sauya mata wurin aiki, da kotun ma'aikata ta saurare ta ba gardama. Mafi girman cutarwa, wato raba ta da aikin baki ɗaya, ita ce kaɗai ba ta da mai amsawa.

Wannan ne nake ganin ba daidai ba. An ɗinka rigar ne don mai raba gardama tsakanin mutum biyu da ba ruwansa da su. Kwamitin ladabtarwa kuwa fuska biyu gare shi. Ta ɗaya ta alƙali ce. Ta biyun ita ce ta hannun da runduna ke korar ma'aikatanta da shi. Amurkawa sun ci karo da wannan bambanci ta wata hanya. Wani alƙali a jihar Illinois, mai suna White, ya ɗauki wata mata mai suna Forrester aikin sa ido kan masu laifin da aka yi wa ɗaurin talala, a 1980 ya kore ta. Ta ce don tana mace ne. Ya fake da rigarsa. A 1988, a shari'ar Forrester, Kotun Ƙolin Amurka ta bakin mai shari'a Sandra Day O'Connor ta ce kariyar aiki take bi, ba muƙami ba. Alƙalin da ke korar ma'aikaci, a wannan lokacin shugaban ma'aikata ne kamar kowane. Sai dai matsalar P ta fi wannan wuya, domin a wurinta zama ɗaya ne ya haɗa shari'ar da korar, ba a iya yanka shi biyu.

Ta tafi Kotun Ƙoli. Alƙalai biyar suka zauna: Lady Hale, Lord Kerr, Lord Wilson, Lord Reed da Lord Hughes. Hanya biyu ake hange. Su bar hukuncin Heath a tsaye, ƙofa ta ci gaba da zama a rufe. Ko su tuɓe wa mutum ukun rigarsu, kowane ɗan kwamiti ya zauna yana tsoron aljihunsa. Wacce za su bi?

Ranar 25 ga Oktoba 2017 suka amsa, baki ɗaya. Ba su tsaya kan ko ɗaya ba.

Lord Reed ya ce kotunan baya sun fara tambaya daga inda bai kamata ba. Sun fara da cewa, shin kwamitin yana da kariya? Shi ya fara da cewa, wane haƙƙi matar take da shi? A lokacin Birtaniya tana cikin Tarayyar Turai, kuma akwai dokar Tarayyar ta 2000 kan daidaito a wurin aiki. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ta shafi kora, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa ta samar wa duk wanda ke ganin an yi masa wariya hanyar neman haƙƙinsa. Dokar Tarayya tana gaba da ta cikin gida a wancan lokaci, don haka ƙa'idar kariya ba za ta iya shafe wannan haƙƙi ba. Rundunar ta ce ai akwai kotun ɗaukaka ƙarar 'yan sanda, P ma ta kai kukanta can. Lord Reed ya ce wannan ba madadi ba ce. Kotun ma'aikata ce ke da ƙwarewa kan wariya, ita ke da ikon ba da diyya, kuma ita sauran ma'aikatan ƙasar ke zuwa, babu dalilin da za a ba ɗan sanda abin da bai kai nasu ba.

Sannan ya koma kan sashe na 42, wurin da makullin yake tun farko. Ya ce a karanta shi ta yadda abin da kwamitin ladabtarwa ya aikata zai shiga cikin abin da ake ɗora wa shugaban runduna. 'Yan kalmomi ne aka ƙara a fahimtar sashen, amma sun sauya komai. Mutum ukun za su yanke hukuncinsu. In hukuncin ya zama wariya, Kwamishina ne zai tsaya a kotun ma'aikata, baitulmalin runduna ne zai biya. Hukuncin Heath kuwa, ta wannan fuska, ya daina aiki. Ka lura kotun ba ta ce an yi wa P wariya ba. Mayar da ƙarar ta yi kotun ma'aikata domin a fara sauraro, kusan shekara biyar bayan korar, lokacin har Cressida Dick ta gaji kujerar Kwamishina.

Na gamsu da wannan mafita, ko da yake tana da nata ƙaiƙayin, kuma bai daɗe ba ya bayyana. Tun daga 2016 an sauya tsarin kwamitocin a Ingila da Wales, aka ɗora lauyoyi masu zaman kansu a kujerar shugabanci don a rage zargin 'yan sanda na yi wa junansu shari'a. Sai shugaban rundunar Avon da Somerset ya ce, to yanzu fa? Kwamitin da ba ni ke jagoranta ba, ba ni da ikon gaya masa abin da zai yi, ta yaya zan biya diyyar kuskurensa? Ƙorafi ne mai ma'ana. A shari'ar Eckland, wani saje da aka kora, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hukuncin P yana nan daram: ko wa ya shugabanci zaman, shugaban runduna ne ke amsa ƙarar wariya. Su ma lauyoyin da ke shugabantar zaman hankalinsu bai kwanta ba, har ofisoshin da ke naɗa su suka riƙa ba su alkawari a rubuce cewa za a ɗauki nauyinsu in an ja su kotu. A watan Mayu na 2024 gwamnati ta sake juya tsarin: shugabannin rundunoni, ko manyan jami'an da suka wakilta, suka koma kujerar shugabancin kwamitin, lauyoyin kuma suka koma masu ba da shawara.